Hanyoyin Gudanar da Aikin Gini da Bayar da Kwangila a Najeriya: Tambayoyi da Amsoshi

An tattara waɗannan tambayoyi ne saboda mutumin da ke shirin gina gida ko makaranta ko masallaci, da ma'aikacin da ke zama a kwamitin bayar da kwangila, da kuma matashin ɗan kwangilar da ya fara neman aiki a ma'aikatun gwamnati. Amsoshin duka suna komawa ga tambaya guda, wato wanda zai ɗauki asara idan farashin kaya ya tashi, ko zane ya zo da kuskure, ko aka haƙa ƙasa aka tarar da abin da ba a zata ba.

Me ake nufi da hanyar gudanar da aiki, kuma me ya bambanta ta da hanyar bayar da kwangila?

Mai aiki, wato wanda za a yi wa ginin, yana da shawarwari uku da zai yanke tun kafin a sa bulo na farko, kuma sau da yawa mutane kan haɗa su wuri ɗaya. Ta farko ita ce tsarin aikin kansa: ko wanda zai yi zane daban ne da wanda zai gina, ko kamfani ɗaya ne zai ɗauki biyun, ko kuma mai aikin ne zai sayi kaya da kansa ya ɗauki ma'aikata. Ta biyu ita ce yadda za a zaɓi mai yin aikin, ko ta hanyar gasa a bainar jama'a, ko ta gayyatar kamfanoni kaɗan, ko ta tattaunawa da mutum ɗaya. Ta uku ita ce yadda za a biya, ko kuɗi dunƙule, ko gwargwadon aikin da aka auna, ko kuɗin da aka kashe tare da riba a kai. Ana iya haɗa waɗannan ta fuskoki da dama, kuma kowane haɗi yana karkatar da nauyin asara zuwa wani ɓangare.

Wace hanya ce aka fi sabawa da ita?

Ita ce wadda ake raba zane da gini, kuma a kanta mafi yawan ayyukan gwamnati suke tafiya. Mai aiki yakan ɗauki mai zanen gine-gine da injiniyoyi su kammala zane, sannan masanin ƙididdigar kuɗin gini, wanda ake kira kwantiti sabeya, ya fitar da takardar da ta jera yawan siminti da rodi da bulo da tsawon bututu da duk wani aiki, wadda ma'aikata ke kira bil. Wannan takarda ce ake raba wa 'yan kwangila, kowa ya sa farashinsa a gaban kowane layi, ta yadda za a iya kwatanta tayin wannan da na wancan a kan ma'auni ɗaya. Bayan an zaɓi mai gini, waɗanda suka yi zanen su ne ke zama idon mai aiki a wurin, suna duba inganci, suna kuma sa hannu a takardar shaidar aikin da aka yi kafin a biya.

Amfaninta shi ne mai aiki yana sanin abin da zai samu da kusan abin da zai kashe tun kafin a fara. Illarta kuwa tana ɗaukar lokaci, kuma duk kuskuren da ke cikin zane nauyinsa yana kan mai aiki, domin ɗan kwangila ya gina abin da aka ba shi ne. Inda tsarin ya fi lalacewa a ƙasar nan shi ne a fitar da talla da zanen da bai kammala ba, ba a gwada ƙasar wurin ba, ba a san zurfin da harsashi zai kai ba, saboda ana gaggawar a bayar da kwangila kafin shekarar kasafi ta ƙare. Tayin da aka sa a kan irin wannan zane ƙiyasi ne kawai, kuma daga ranar da aka fara haƙa za a fara neman ƙari.

Idan kamfani ɗaya ya ɗauki zane da gini fa?

A nan mai aiki yana rubuta abin da yake so ginin ya yi masa, misali asibiti mai gado kaza ko tashar da za ta ba da wuta megawat kaza, sai kamfanin ya tsara zanen ya kuma gina. Idan rufi ya yi yoyo babu zancen mai zane ya ɗora wa magini laifi, magini kuma ya mayar masa, domin mutum ɗaya za a kama. Aiki ma yakan fi sauri, tunda ana iya fara harsashi ana ci gaba da zanen sauran sassan.

Manyan ayyukan jiragen ƙasa da lantarki da mai sukan bi wani nau'i na wannan tsari da ake kira EPC, inda kamfanin ke ɗaukar zane da sayen injuna da gini, ya miƙa aikin a shirye don amfani. Layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kimanin kilomita 284, wanda aka sa hannu a kansa da kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal a 2021, irin wannan yarjejeniya ce. Layin Abuja zuwa Kaduna kuwa, da aka buɗe a 2016, kamfanin CCECC na ƙasar Sin ne ya gina shi, da rancen dala miliyan 500 daga bankin Exim na ƙasar, abin da ke nuna yadda tushen kuɗi kan yi tasiri wajen zaɓen mai yin aiki.

Sai dai wannan hanya tana buƙatar mai aikin da ya san abin da yake so sosai. Duk abin da bai rubuta ba a takardar buƙatunsa, kamfanin zai cike shi da mafi arha, kuma bai karya yarjejeniya ba. Shi ya sa ko a nan ma bai kamata a rasa injiniya mai zaman kansa da zai tsaya wa mai aiki ba.

Mai gina gidan kansa, ya bayar da kwangila ko ya yi jinga?

Mafi yawan gidajen da ake ginawa a garuruwanmu ba sa bin ko ɗaya daga cikin tsare-tsaren da aka ambata. Maigida ne ke sayen siminti da yashi da tsakuwa da rodi, sannan ya yi jinga da birkila a kan kai gini linta, da kafinta a kan rufi, da mai wayarin da mai famfo kowa a kan nasa. Wasu kuma biyan yini suke yi. Dalilin da ya sa tsarin ya karɓu a fili yake: mutum yana gini ne gwargwadon abin da ya shigo hannunsa, yana iya tsayawa wata shida ba tare da wani ya kai shi ƙara ba, kuma bai biya ribar ɗan kwangila ba.

Abin da mutane ba sa lissafawa shi ne, da zarar ka zaɓi wannan hanya, kai ne ka zama ɗan kwangilar. Simintin da ya daskare a ajiya, da rodin da ya ɓace da dare, da bangon da aka rushe saboda mai famfo ya zo bayan an yi filasta, duk daga aljihunka za su fita. Jinga tana sa ma'aikaci sauri, kuma sauri yakan ci inganci idan ba mai duba shi; biyan yini yana sa a ja aiki. Ga gidan ƙasa mai ɗakuna kaɗan wanda mai shi ke kusa, jinga tana da ma'ana. Amma bene, ko duk ginin da za a zuba masa dakin, wato rufin kankare, bai kamata a bar lissafin rodinsa da haɗin kankarensa ga ƙiyasin birkila ba, komai daɗewarsa a sana'a. Akwai hukumomin da ke yi wa ƙwararru rajista, COREN ga injiniyoyi, ARCON ga masu zanen gine-gine, CORBON ga magina, kuma kuɗin ɗaukar ɗaya daga cikinsu kaɗan ne a kan abin da rushewar bene ke jawowa. Ko jingar ce ma, a rubuta ta a gaban shaidu, a faɗi inda aikin ya fara da inda ya ƙare da matakan biya.

Mene ne haɗin gwiwar gwamnati da 'yan kasuwa?

Tsari ne da ɗan kasuwa ke kawo kuɗi ya gina, ya gudanar da wurin na wasu shekaru yana karɓar kuɗin shiga, sannan ya miƙa wa gwamnati. Dokar 2005 da ta kafa ICRC, hukumar sa ido kan yarjejeniyoyin haɗin gwiwa, ita ce ke kula da irin wannan a matakin tarayya. Tashar jiragen sama ta biyu ta filin Murtala Muhammed a Legas, da aka buɗe a 2007, da tashar ruwa mai zurfi ta Lekki da aka ƙaddamar a 2023 bisa yarjejeniyar shekara 45, duk misalai ne. Kasuwanni da tashoshin mota da dama a jihohi ma haka ake gina su.

Kada a ɗauka aikin kyauta ne ga jama'a. Kuɗin yana dawowa ne ta hanyar harajin hanya ko hayar shago, kuma idan ba a yi lissafin abin da mutane za su iya biya ba, rikici ne zai biyo baya. Hanyar Lekki zuwa Epe ta fara ne a hannun kamfani bisa yarjejeniyar shekara 30, amma bayan ƙorafe-ƙorafe kan kuɗin da ake karɓa, gwamnatin Legas ta sayi yarjejeniyar ta mayar da hanyar hannunta.

Wane tsarin farashi ya fi dacewa?

Kuɗi dunƙule ya dace da aikin da zanensa ya kammala kuma ba zai daɗe ba, kamar rukunin ajujuwa. Biya bisa awo ya dace da hanya da magudanar ruwa da madatsa, inda ba wanda zai iya sanin ainihin yawan ƙasar da za a kwashe sai an fara. A nan farashin kowace mita ne aka ƙayyade, jimillar kuwa sai an auna. Biyan abin da aka kashe tare da riba a kai ba ya dacewa sai ga aikin gaggawa ko gyaran tsohon gini, domin yana cire wa ɗan kwangila dalilin yin tattali, sai fa idan an sa iyakar da kuɗin ba zai wuce ba.

Wace doka ce ke tafiyar da kwangilolin gwamnatin tarayya?

Dokar Sayayya da Bayar da Kwangila ta 2007, wadda Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya sa wa hannu a watan Yuni na wannan shekara. Ita ta kafa BPP, hukumar kula da bayar da kwangilolin gwamnatin tarayya, wadda ta gaji ofishin sa ido kan kasafi da farashi da aka buɗe zamanin Shugaba Obasanjo ƙarƙashin Oby Ezekwesili. Dokar ta sa gasa a bainar jama'a ta zama asali. Ta wajabta a tallata manyan ayyuka a jaridun ƙasa aƙalla biyu, a buɗe takardun tayi a gaban masu nema, kuma kada a bayar da aikin da ba a ware masa kuɗi a kasafi ba. Aikin da kuɗinsa ya kai wani mataki sai hukumar ta ba da takardar shaidar cewa ba ta da ja a kansa kafin a sa hannu.

Dokar ta shafi ma'aikatun tarayya da duk aikin da aƙalla kashi 35 cikin ɗari na kuɗinsa ya fito daga asusun tarayya. Jihohi suna da nasu dokokin da hukumomin, kamar yadda ake da su a Kano da Kaduna da Jigawa, don haka mai neman aikin jiha ya karanta dokar jiharsa. Hukuncin da dokar tarayya ta tanada ba ƙarami ba ne: wanda aka samu da laifin haɗa baki ko rarraba aiki gida-gida don kauce wa matakin amincewa yana iya shan ɗaurin shekara 5 zuwa 10, kamfani kuma a hana shi kwangila aƙalla shekara 5, tare da tarar kashi 25 cikin ɗari na kuɗin aikin.

Dole ne a ba wanda ya fi kowa sauƙin farashi?

A'a. Abin da dokar ta ce shi ne mafi ƙarancin farashi a cikin tayin da aka tantance aka ga sun cika sharuɗɗa. Kafin a dubi kuɗi, ana duba rajistar kamfani, da shaidar biyan haraji, da takardun fansho da na asusun horas da ma'aikata, da ƙwararrun da yake da su, da kayan aikinsa, da irin ayyukan da ya taɓa kammalawa. Wanda ya faɗi a nan, farashinsa ba ya shiga lissafi.

Farashin da ya yi ƙasa ƙwarai da ƙiyasin ma'aikata abin tsoro ne. Ko dai mai tayin bai fahimci aikin ba, ko yana shirin rage siminti, ko yana so ya fara shiga ne sannan ya dawo neman ƙari bayan ya karɓi kafin alƙalami, wato kuɗin fara aiki. Kwamiti mai hankali zai nemi ya yi bayanin yadda ya kai ga wannan farashi a rubuce. Araha ba ta ado, kuma a aikin gini ɗalibai ko marasa lafiya ne ke zama a ƙarƙashin arahar.

Akwai lokacin da aka yarda a tsallake gasa?

Akwai, amma dokar ta taƙaita shi: idan kamfani ɗaya ne kaɗai ke da abin da ake nema, ko bala'i ya auku kamar ambaliyar da ta yanke gada, ko batun tsaron ƙasa ne, ko ƙari ne a kan aikin da ake ciki. Gaggawar da ma'aikata ta jawo da jinkirinta ba ta cikin uzuri.

Nawa ake bayarwa a matsayin kafin alƙalami, kuma wane lamuni ake nema?

Dokar 2007 ta ƙayyade kuɗin fara aiki da kada ya wuce kashi 15 cikin ɗari, sannan Dokar Kuɗi ta 2020 ta ɗaga shi zuwa kashi 30 ga 'yan kwangilar cikin gida. Ba a bayar da shi sai da takardar lamuni daga banki ko kamfanin inshora, kuma bashi ne da ake cirewa kaɗan-kaɗan daga biyan da ke tafe. Akwai kuma lamunin tayi, wanda bai wuce kashi 2 cikin ɗari ba, don kada wanda ya ci gasa ya janye, da lamunin cika aiki wanda ba ya gaza kashi 10 cikin ɗari. A ɗaya ɓangaren, dokar ta ce biyan da ya wuce kwana 60 bayan gabatar da takardar shaidar aiki jinkiri ne da ke jawo biyan ƙari ga ɗan kwangila. Wannan sashe yana da muhimmanci, domin jinkirin biya ya durƙusar da ƙananan kamfanoni masu gaskiya da yawa waɗanda suka ci bashi suka yi aikin.

Idan farashin kaya ya tashi ana tsakiyar aiki fa?

Ya danganta da abin da aka rubuta. Idan yarjejeniyar ta tsayayyen farashi ce, ɗan kwangila ne zai ɗauka. Idan akwai sashen daidaita farashi, ana lissafa bambancin bisa ƙa'idar da aka amince da ita tun farko. Bayan da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga kusan naira 460 zuwa sama da 1,500 a farkon 2024, buhun siminti kuma ya haura naira 10,000. Duk aikin shekara biyu ko uku da aka ƙulla a kan tsayayyen farashi kafin wannan lokaci ya shiga matsala, kuma tilasta wa ɗan kwangila a irin wannan hali yakan ƙare ne da ya kwashe kayansa ya tafi. A ganina, aikin da zai wuce shekara guda a ƙasar nan bai kamata a ƙulla shi ba tare da sashen daidaita farashi ba.

Ya kamata a bambanta wannan da canjin aiki. Hanyar Abuja zuwa Kaduna zuwa Zariya zuwa Kano an bayar da ita ne a ƙarshen 2017 a kan kimanin naira biliyan 155 a matsayin gyara, sannan a 2021 Majalisar Zartarwa ta amince a mayar da aikin sabon gini gaba ɗaya a kan kimanin biliyan 797. Aikin ne kansa ya canza, kuma da an tantance halin da hanyar take ciki sosai tun farko, da gasar da aka yi ta kasance a kan ainihin abin da ake buƙata. Ko a ƙaramin gini, kada a ƙara taga ko a matsar da bango sai an rubuta kuɗin canjin da kwanakin da zai ƙara kafin a taɓa shi.

Mene ne FIDIC da ake yawan ambata?

Ƙungiyar injiniyoyi masu ba da shawara ce ta duniya, da aka kafa a 1913, mai hedikwata a birnin Janeba na ƙasar Suwizalan. Tana fitar da samfuran yarjejeniya da aka sani da launin bangonsu: ja ga aikin da mai shi ya kawo zane, rawaya ga wanda ɗan kwangila zai zana ya gina, ruwan azurfa ga tsarin EPC. An fitar da wannan rukuni a 1999, aka sabunta shi a 2017, kuma ayyukan da Bankin Duniya ke ba da rance a kansu sukan yi amfani da shi.

Shin fiƙihun Musulunci ya san irin wannan ciniki?

Ya san shi da sunan istisna'i, wato a ƙulla ciniki da mai sana'a ya ƙera ko ya gina abin da bai wanzu ba tukuna. Malaman da suka halatta shi sun shardanta a bayyana siffar abin da girmansa da farashinsa da lokacin miƙawa ta yadda ba za a bar ƙofar jayayya ba, kuma an yarda a biya a matakai. Wannan sharaɗi na kawar da jahilci a ciniki shi ne dai abin da kammalallen zane da bil suke yi. Ta fuskar samar da kuɗi kuma, gwamnatin tarayya ta fara fitar da sukuk, wato takardun zuba jari bisa tsarin Musulunci, a 2017, na naira biliyan 100, aka raba shi ga ayyukan hanyoyi 25 a shiyyoyi shida na ƙasar.

Me ke sa a yi watsi da ayyuka?

Kwamitin shugaban ƙasa na tantance ayyuka da Ibrahim Bunu ya jagoranta ya ba da rahoto a 2011 cewa akwai ayyukan tarayya 11,886 da ba a kammala ba. Dalilan da suka fi yawa su ne fara aikin shekara uku da kuɗin da aka ware na shekara ɗaya, da rashin biyan diyyar filaye kafin a tura ɗan kwangila, da zanen da bai cika ba, da canjin gwamnati, da kuma sayar da takardar kwangila daga hannu zuwa hannu har abin da ya rage wa mai yin aikin na ƙarshe ya kasa isar sa.

Wanda yake ganin an zalunce shi a gasa, ina zai kai kuka?

Zai fara rubuta wa babban jami'in ma'aikatar cikin kwanakin aiki 15 daga ranar da ya san abin da ya faru. Idan bai gamsu da amsa ba, yana da kwanakin aiki 10 ya kai wa BPP, daga nan kuma sai Babbar Kotun Tarayya cikin kwana 30. Saɓanin da ya taso bayan an fara aiki kuwa yarjejeniyar ce ke faɗin hanyarsa, kuma yawanci ana fara sulhu ne, sannan a je gaban masu sasantawa ƙarƙashin dokar sasanci ta 2023 da ta maye gurbin ta 1988.

Da an miƙa makulli shi ke nan an rabu?

Ba a rabu ba. A al'ada ana riƙe kashi 5 cikin ɗari na kowane biya, a saki rabi ranar karɓar aiki, sauran rabin kuma sai bayan wa'adin gyaran aibu, wanda yakan kasance wata 6 ko 12. Duk tsagewar bango ko yoyon rufi ko lalacewar famfo da ta bayyana a cikin wannan wa'adi, ɗan kwangila ne zai gyara da kuɗinsa. A yankinmu ya fi kyau a tsara wa'adin ya ratsa damina guda cikakkiya, domin rufin da aka karɓa a watan Disamba ba a san halinsa ba sai ruwan Agusta ya sauka a kansa. Kafin a saki kuɗin ƙarshe kuma, a karɓi zanen ginin kamar yadda aka gina shi a zahiri, wanda ke nuna inda wayoyin lantarki da bututun ruwa suka bi a cikin bango da ƙarƙashin ƙasa.